Maye da Sitiyari: Wa Zai Karɓe Makullin?

Laccar da aka gabatar a taron iyaye da matasa a Dutse Uku, Jos



Ranka ya daɗe Mai Unguwa. Malamanmu da limamanmu, Allah ya gafarta muku. Fastoci da dattawan ikilisiya, iyayenmu mata da suka bar girki da sana'a suka zo, shugabannin tasha da na masu keke NAPEP, sai ku samari da 'yan mata da kuka cika bayan rumfa, waɗanda saboda ku aka yi wannan shimfiɗa, barkanmu da war haka.

Tun da aka sanar cewa za a yi magana a kan tuƙi cikin maye na san abin da ya faɗo a ran da yawanmu. Wani ya ce, to mu ina ruwanmu, mu da ba ma shan giya? A je a gaya wa mutanen gidan burkutu. Wani kuma daga can ɗaya ɓangaren ya ce, ai mu kwalba ɗaya ce bayan an tashi aiki, a je a gaya wa yaran da ke watsa ƙwaya suna fizgar keke. Kowa ya sami wanda zai miƙa wa laccar. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani, kuma Allah ya hore mana tuddai a wannan unguwa.

Mu mutanen Dutse Uku mun san nuna yatsa, mun kuma san inda yake kai mutane. Rikicin da ya tashi ranar Lahadi 17 ga Janairun 2010 daga wannan yanki namu ya faro, ga na Nuwamban 2008 kafin shi. Tun daga nan unguwanni suka rabu, kasuwanni suka rabu, wasu ma inda suke kallon ƙwallo ya rabu. Kwalta ce kaɗai ba a raba ba. Titin Bauchi Ring Road da ya bi ta gabanmu ya wuce Tina Junction da Unguwar Rukuba, shi mai zuwa masallaci yake bi, shi mai zuwa coci yake bi. Yaron da ya sha goskolo a wata unguwa yana iya take 'yar Islamiyya a nan. Wanda ya haɗiyi tiramol a nan yana iya kwashe tsohuwa mai zuwa sujada a can. Dukanmu kuma mun san cewa a garin Jos hatsarin keke guda, idan ya faɗa a bakin da bai dace ba, yana iya zama wani abu dabam kafin magariba. Saboda haka idan na ce maye a yau, ina nufin giya da burkutu da goskolo, ina kuma nufin tiramol da kodin da roci da wiwi da sholisho. Duk abin da zai shiga tsakanin idon direba da ƙafarsa ta birki, shi muke magana a kai.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara. Ta kuma ce ga masu shekara 5 zuwa 29, babu abin da ya kai hatsarin hanya kisa. Ku lura da wannan, iyaye. Yaron da kuka yi ta fama da shi daga ƙyanda zuwa zazzaɓin cizon sauro har ya tasa, abin da ya fi barazana ga ransa yanzu yana bakin titi. Kashi 92 cikin 100 na waɗannan mace-mace a ƙasashe irin namu suke faruwa, masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, alhali kusan kashi 60 na motocin duniya ne kawai a wurinmu. Afirka ce kan gaba, kuma maza sun ninka mata wajen sau uku.

A nan gida, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, takan ƙirga mutum dubu biyar da 'yan kai a shekara. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2018, ta ƙiyasta cewa ainihin adadin na Nijeriya ya kusa dubu arba'in. Ina sauran suka shiga? Ku ma kun sani. Wanda aka kwasa a keke aka kai gida ya cika da daddare, aka yi masa sutura da safe, ba ya cikin littafin kowa. Wanda aka kai wurin mai ɗori ƙafa ta ruɓe ya tafi bayan wata biyu, shi ma haka. Idan kuma kuka duba jerin dalilan hatsari da ake fitarwa, za ku ga gudun wuce sa'a a sama, maye kuma can ƙasa. Ba don maye ya yi ƙaranci ba ne. Ba kasafai ake auna jinin direba bayan hatsari ba, sai a rubuta abin da ido ya gani: ya yi gudu, mota ta ƙwace masa, ya yi aron hannu. Abin da ya sa shi gudun ba ya shiga takarda.

Mu ma ba ma shigar da shi a bakinmu. A wurin zaman makoki za ka ji ana cewa tsautsayi ne, kwana ya ƙare. Abokan mamacin suna zaune a gefe kansu a sunkuye, sun san abin da ya sha kafin ya hau babur, sun san wurin wanda ya saya. Ban ce a tona asirin mamaci a gaban uwarsa ba, wannan ba tarbiyyarmu ba ce. Amma bayan sadakar uku, bayan ta bakwai, ya kamata a sami dattijo ɗaya da zai tara waɗannan abokai a ɗaki ya rufe ƙofa ya ce, ku gaya mini gaskiya. Idan ba a yi haka ba, a cikinsu za a sake ɗaukar wani.

Bari in ɗan daɗe a kan abin da maye ke yi wa jikin mai tuƙi, don a nan ne aka fi yaudarar kai.

Tuƙi aiki ne na daƙiƙa. Mota mai gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya. Mai gudun 80 tana cin mita 22, mai gudun 100 kusan mita 28. Lafiyayyen direba, daga lokacin da ya hango yaro ya faɗo titi zuwa lokacin da ƙafarsa ta taka birki, yana buƙatar daƙiƙa ɗaya ko fiye. Idan abin da ya sha ya ƙara masa daƙiƙa ɗaya tak, motar ta ƙara tafiyar da ta fi tsawon wannan rumfa kafin ma birki ya soma aiki. A cikin wannan tazarar ake mutuwa.

Barasa ba ta fara da ƙafa. Kafin mutum ya soma tangaɗi, ta riga ta taɓa sashen ƙwaƙwalwa da ke auna abu ya ce wannan zai yiwu, wannan ba zai yiwu ba. Shi ya sa mai kwalba biyu a ciki yake ganin zai iya wuce tirela kafin motar da ke tahowa ta iso. Yana jin kansa garau, har ya fi jin ƙwarewa a kan kullum. Idan ka ce masa ya bugu sai ya yi rantsuwa, kuma a zuciyarsa gaskiya yake faɗa, domin abin da zai gane buguwar da shi ne ya fara kwanciya. Daga nan gani ya ƙuntata, ya daina lura da abin da ke fitowa ta gefe, fitilar motar da ke gaba ta kashe masa ido ya daɗe bai dawo daidai ba. Binciken da Robert Borkenstein ya jagoranta a garin Grand Rapids na Amurka a 1964 ya nuna wa duniya a lissafe yadda haɗarin ke hawa da hawan barasa a jini. Yau Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada abin da ke jinin direba ya wuce giram 0.05 a kowace desilita, ga matasa da sababbin direbobi kuma 0.02, wato kusan babu.

Sai maganar dabaru. Wani zai ce zan ci goro, wani kofi mai ƙarfi, wani ya watsa ruwan sanyi a fuska, wani ya ci tuwo ya danne. Hanta ce ke fitar da barasa daga jini, kuma hanta ba ta san gaggawa ba. Abin da ke cikin ƙaramar kwalba ɗaya yakan ɗauke ta awa guda ko fiye. Goro da kofi suna buɗe ido ne kawai, buguwar tana nan. Direban da ya sha har ƙarfe ɗayan dare ya ɗauki lodin asuba, da sauran abin a jininsa ya kama hanya, ga kuma bashin barci.

Akwai kuma uzurin da ya zama namu na mutanen Jos, wato sanyi. Garin nan yana bisa tudu mai tsayin wajen mita 1,200, kuma duk wanda ya taɓa fitowa da keke da asubar Disamba ya san yadda yatsu ke ƙagewa. Sai a ce a ɗan kora a kori sanyi. Abin da barasa ke yi shi ne ta buɗe ƙananan jijiyoyin jini na fata, jini mai ɗumi ya taso sama, mutum ya ji zafi, alhali ɗumin cikin jikinsa fita yake yi. Rigar sanyi da safar hannu da shayi mai zafi sun fi ta aiki, kuma ba sa taɓa ƙwaƙwalwa.

Ƙwaya kuma nata salon dabam. Tiramol na asibiti miligiram 50 ne ko 100, likita ke rubuta shi don ciwo mai tsanani. Wanda ake kamawa a kasuwar bayan fage yakan kai 200 ko 225, kuma yawansa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya ba tare da sallama ba. Ku auna mai keke ɗauke da mata huɗu da goyo, jijjiga ta kama shi a gangara. Kodin da roci barci suke saukarwa. Wiwi tana rikita auna nisa da lokaci. Mafi muni shi ne haɗi, a sha wannan a ɗora wancan, domin kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi. Goskolo kuwa babu mai auna abin da ke cikinsa, har shi mai haɗa shi. Gwamnatin tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi a watan Mayun 2018, bayan rahoton binciken da BBC ta fitar. An kuma yi wani babban bincike da ya gano cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda, ban da barasa da taba. Mutum miliyan goma sha huɗu ba 'ya'yan addini ɗaya ba ne, ba kuma 'yan unguwa ɗaya ba.

To me ya sa yaranmu ke sha su hau titi? Akwai shashanci, babu musu. Masana sun nuna cewa sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai taka wa mutum birki, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, kuma saurayi idan abokansa na cikin mota yakan yi abin da ba zai yi shi kaɗai ba. Amma zalunci ne mu tsaya a nan. Tun da aka hana acaɓa a cikin Jos da Bukur zamanin Gwamna Jonah Jang, keke ya zama gonar dubban samari. Mafi yawansu keken ba nasu ba ne. Akwai balas da za a kai wa mai shi kowace yamma, ko an samu ko ba a samu ba. Ga mai da ya yi tsada tun da aka cire tallafi a 2023, ga tikiti, ga na masu tsayar da mutum a hanya. Sai ya cire duk wannan kafin ya fara neman na cefane. Yaron da zai yi awa goma sha huɗu a kan kujerar keke, bayansa na ciwo, wani ya miƙa masa ƙwaya ya ce wannan tana kashe gajiya, me kuke zaton zai yi?

Alhaji mai keke biyar, Madam mai bas biyu, da ku nake. Idan balas ɗin da kuka yanka ba ya fita sai da ƙwaya, to kuna da kaso a cikin abin da ƙwayar ta haifar. Kuma ba ku tsira ba ko ta fuskar kuɗi, don ranar da ya kifar da keken, jarinku ne a kwata.

Haka abin yake a tashoshin manyan motoci. Ku shiga kowace tasha a ƙasar nan ku duba abin da ke cikin faranti da bokiti a gefen inda ake lodi. Akwai jiƙe-jiƙen da ake kira maganin basir ko maganin ciwon baya, waɗanda da barasa aka jiƙa saiwar, har wanda ba ya shan giya yana kurɓa da sunan magani. Akwai kuma 'yar leda. Barasar leda takan kai kashi 40 cikin 100, giyar kwalba kuwa wajen kashi 5. Leda uku masu mililita 30 sun fi babbar kwalbar giya ƙarfi, ga araha, ga shiga aljihu, a tsotse a jefar ba wanda ya gani. Hukumar NAFDAC ta yi yarjejeniya da masu sarrafa ta a 2018 cewa za a daina zuba barasa a leda da ƙananan robobi da ba su kai mililita 200 ba, wa'adin ya cika a ƙarshen Janairun 2024, kamfanoni suka yi ca, aka shiga ja-in-ja. Direban da ya tsotsi irin wannan a tasha shi ne zai sauka Hawan Kibo da fasinja goma sha takwas, wurin da mai cikakken hankali ma sai ya sa lamba biyu yana salati.

Ba zan bar maganar biki ba. Rakiyar amarya ta zama gasar tsere. Yawon Sallah a cika keke har da masu maƙalewa a gefe, a nufi gidan zu ko Rayfield ana ihu. Daren Kirsimeti da na sabuwar shekara a taso daga wurin shagali ƙarfe biyu, wanda ya fi kowa sha shi ne mai makulli. Uban da ya ba ɗansa ɗan shekara sha shida mota don ya burge abokai ranar Sallah, shi ma ya sa hannu. Jami'an kiyaye haɗurra suna yin gangami kowace shekara daga Satumba zuwa Disamba, har wasu suka ɗauka watannin ne ke da aljanu masu shan jini. Babu aljani a Disamba. Tafiya ce ke yawa, biki ke yawa, sha ke yawa, direba na son ya yi sawu uku a inda ya saba yin biyu.

Allah ya gafarta malam, a nan zan shiga gonarku kaɗan, idan na kauce ku gyara mini. Mun yi imani da ƙaddara, babu mai wuce ranarsa. Amma malamai sun karantar da mu cewa Sayyidina Umar, a kan hanyarsa ta zuwa Sham, da ya sami labarin annoba ta ɓarke a can, shawara ya yi da sahabbai ya juya da jama'arsa. Da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Haramcin abin maye yana cikin Suratul Ma'ida, kuma malaman fiƙihu ba su taƙaita shi ga giya ba. 'Yan'uwanmu Kirista kuma suna da gargaɗi mai zafi a kan buguwa a Littafin Karin Magana sura 23 da wasiƙar Afisawa sura 5. Ba mu da ƙarancin nassi a unguwar nan. Abin da nake roƙo shi ne a saukar da wa'azin daga sama ya taka kwalta. A faɗa a kan mumbari da bagade cewa wanda ya sha ya tuƙa ya kashe rai, ba zai fake da tsautsayi ba.

Wasu ƙasashe sun taɓa zama inda muke. A Amurka, har wajen 1980, tuƙi a buge abin dariya ne a fina-finai. A watan Mayun shekarar wani direba da aka sha kamawa da wannan laifi ya kaɗe wata yarinya 'yar shekara 13, Cari Lightner, a jihar Kalifoniya. Mahaifiyarta, Candy Lightner, ta tara iyaye mata suka kafa ƙungiyar da aka sani da MADD. Suna zuwa kotu su zauna a gaban alƙali ya gan su, suna zuwa majalisa da hotunan 'ya'yansu. Cikin shekara huɗu, a 1984, Shugaba Reagan ya sa hannu a dokar da ta tura jihohi suka mayar da shekarun sayen barasa 21. A Ingila ministar sufuri Barbara Castle ce ta kawo na'urar busawa a 1967, ta sha zagi har da barazana, amma mace-macen dare suka ragu. A Ostireliya jihar Biktoriya ta fara tsayar da direbobi ba zaɓe tana gwada numfashinsu a 1976. Darasin da aka samu a can shi ne, direba ya fi tsoron tabbacin za a kama shi a kan girman hukuncin da ba ya zaton zai same shi.

Mu a nan tarar da aka daɗe ana rubutawa a takardar laifukan hanya don tuƙi cikin maye naira 5,000 ce, kuɗin da bai kai na man yini ɗaya ba. Na'urorin busawa ba su wadata ba, kuma na'urar da ke gane giya ba ta gane tiramol. Ya kamata mu matsa wa wakilanmu a kan wannan, kuma za mu matsa. Amma ni ban ga dalilin da zai sa mu zauna jiran Abuja ba, alhali jami'in kiyaye haɗurra ba ya nan lokacin da yaro ke ɗaukar makulli. Wa ke nan? Uwarsa na nan. Abokinsa na nan. Mai shayin da ya ga idonsa, ɗan kamashon da ya yi masa lodi, fasinjan da ya ji warin bakinsa ya yi shiru ya shiga. Kusan duk hatsarin maye sai da ya wuce ta gaban mutum uku ko huɗu masu hankali kafin ya kai titi.

Samari, ku ne kuka fi kowa sanin wanda ya sha. Na san abin da ke hana ku magana, kada a ce ka cika tsoro, ko ka zama ɗan rahoto. To ba sai ka yi masa wa'azi ba, mai maye ba ya jin wa'azi. Zare makullin ka sa a aljihu. Ka ce yau ni zan ja. Idan ba ka iya ba, ka tsayar masa da wani keken, nasa ya kwana a nan. Zai zage ka, wataƙila ya ci kwalarka. Gobe da safe ka mayar masa da abinsa. Idan za ku fita shagali ku biyar, tun kafin a tashi a san wanda ba zai taɓa komai ba, shi ne mai tuƙi. Ku kuma 'yan mata, saurayin da ya zo ɗaukarki yana lumshe ido yana jan magana, kina da ikon cewa ba zan hau ba.

Fasinjoji, mu ne muka fi ban mamaki. Mace za ta yi ciniki a kan naira hamsin har muryarta ta dushe, amma direba na gudu da ranta ba za ta ce uffan ba. Wanda ya daure ya ce direba a rage gudu, sauran fasinjoji ne za su hau shi, wai muna sauri, ko kai kaɗai ke da rai. Idan ɗaya ya yi magana ku mara masa baya. Idan direba ya ƙi ji, a sauka, asarar kuɗin mota ba ta kai zaman jinya a asibitin koyarwa da ke Lamingo ba. Mai hawa babur kuma ya sa hular kwano, mai shiga mota ya ɗaura bel, domin kai ba ka sha ba amma ba ka san wanda ke tahowa ba. Hular kwano mai kyau tana rage haɗarin mutuwa fiye da sau shida.

Iyayenmu mata, na ba ku labarin Candy Lightner da gangan. A garin nan mun ga yadda mata daga ɓangarorin biyu suka riƙa zama tare don neman zaman lafiya a lokacin da maza ba sa iya haɗa ido. Kuna da ƙungiyoyin zumunta a coci, kuna da na Islamiyya, kuna da adashi. Kun san gidan da ake sayar da goskolo, kun san shagon maganin da ke miƙa ƙwaya ta bayan kanta. Idan mata talatin, masu hijabi da masu ɗankwali, suka tafi tare wurin Mai Unguwa, daga nan suka wuce ofishin hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, ba wanda zai ce wani ɓangare ne ke farautar wani. Wannan kariya ce da maza ba su da ita. Kuma idan ɗanki ne ya kamu, ɓoye shi ba gata ba ne. Shaye-shaye yana da magani, akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na JUTH, NDLEA ma tana da masu ba da shawara. Ɗaure yaro da mari ba ya cire ƙwaya daga ransa.

Akwai wata al'ada tamu mai kyau da nake so mu sake dubawa, ita ce yafiya. Direba ya kashe yaro, dangi su taru, uban mamaci ya ce na yafe, Allah ne ya kawo. Wannan halin girma ne, Allah ya saka. Amma idan an san a buge yake, aka je ofishin 'yan sanda aka kashe magana, bayan sati ya koma kan sitiyari, to haƙƙinka ka yafe ko na yaron maƙwabcinka da zai kaɗe nan gaba? Ina ba dattawa masu sulhu shawara, a riƙa yafiya da sharaɗi. Ya ajiye tuƙi sai ya nemi magani, shugabannin tasharsa su sa hannu su tsaya a kai, mai motar kuma ya ɗauki wani abu na nauyin marayu ko jinyar wanda ya nakasa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Idan kuma abin ya riga ya faru a gabanku, don Allah a ajiye waya. Abin kunya ne mutum na kwance cikin jini, ashirin na ɗaukar bidiyo, uwarsa ta fara ganin gawarsa a WhatsApp. Wani ya tsayar da motoci kada a sake hawa kansu. Wani ya kira 122, lambar gaggawa ta FRSC, kyauta ce. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta, a riƙe, kada a saki. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa ko madara, yana iya shaƙewa. Kada a fizgo mutum ta hannu da ƙafa a cusa a keke kansa na lilo, domin da yawa ba hatsarin ne ya shanye musu jiki ba, ɗaukar ce ta ƙarasa ƙashin wuya. A tallafi kai da wuya su tafi daidai da jiki. A asibiti kuma ku sani, sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana a ƙi karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. Shi direban, ko a buge yake, a miƙa shi ga hukuma. Duka da ƙona mota ba su taɓa tayar da mamaci ba, kuma a unguwa irin tamu kun san abin da suke iya tayarwa.

An ce in bar lokaci don tambayoyi, to ni zan fara yin ta farko, ga shugabannin tasha da na masu keke da ke zaune a nan gaba. Ranar da direba ya zo lodi idonsa jawur, wa ke da ikon cire shi daga layi a tasharku, kuma wa zai yi magana da mai motar a kan balas ɗin wannan rana? Shugaba, bismillah, a miƙa masa abin magana.